Taken Kakana da Maus Mai Maɓalli Goma Sha Biyu

Har yau in wani ya leƙo situdiyona a Gummi ya ce, "Oga, wane maus ne ya fi sauri wajen haɗa kiɗa?" sai in ji raina ya ɓaci tun bai rufe baki ba. Ba laifinsa ba ne, tambaya ya yi bawan Allah. Amma ni wannan tambayar sati uku ta ci mini, kuma a cikin sati ukun nan na yi ɓarnar da har in mutu ba zan gama jin haushinta ba.

Maus dai shi ne ɗan abin nan da ake kifa tafin hannu a kansa ana tuƙa kibiyar kwamfuta. A rediyo linzami suke ce masa, mu a bakin aiki maus muka sani. Wanda bai taɓa haɗa kiɗa ba gani yake aikinmu na kunne ne. Ina! Aikin yatsa ne. In an ɗauki kiɗa ya shiga kwamfuta, kowane bugu fitowa yake a fuskarta kamar ɗan tsini, jere reras, ga kuma layuka a tsaitsaye masu nuna inda ya kamata kowane bugu ya faɗa. Kai kuma sai ka yi ta yanka, kana ja, kana mannawa, danna nan, danna can, tun hantsi har la'asar. Ga masu biki ba haƙuri. Mutum zai kawo maka sunayen dangin amarya ranar Laraba, ya ce waƙar yake so ranar Alhamis, ya kuma tsaya a kanka yana huci kamar kai ka sa ranar auren.

Tsohon maus ɗina baƙi ne mai waya, tun buɗe shago yake tare da ni. Wayar na naɗe ta da salatif wuri biyu. Ka danna shi sau ɗaya ya danna sau biyu, ka kama bugu za ka ja ya sake shi a tsakiyar hanya, ka yi ta neman inda ya yar maka da shi. Wuyan hannuna na dama ya fara zogi, zogin ya hau har gwiwar hannu. Ta kai ko a zaman tahiya na ɗaga manuniya sai na ji ta amsa.

Ana cikin haka Kawu ya zo. Yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune a wani ƙauye wajen Gwashi a ƙasar Bukkuyum. Makaɗin noma ne, kuma haye ya yi, don gidansu manoma ne zalla. Tun yana ƙarami ya maƙale wa makaɗin garinsu har ganga ta dawo hannunsa. Ni ma hayen na yi, ɗan malami ne ni, na ajiye allo na kama kiɗa, shi ya sa jininmu ya haɗu da Kawu. Hannunsa ne ya fara rawa, aka kawo shi asibiti a Gummi, likita ya ce ya zauna kusa na kwana tara, ya sauka a gidanmu da gangarsa, don ba ya zuwa ko'ina ya bar ta.

Ga wanda bai taso a ƙauye ba, a gayya kowane manomin kirki yana da takensa, wato ɗan kiɗan da in an buga kowa ya san da shi ake. Makaɗi zai bi mutum a kan kunya yana kaɗa masa nasa, shi kuma tsikar jikinsa ta tashi ya yi ta zuba galma. Yanzu gayyar ta mutu a wajensu. Samari sun tafi haƙar zinare, gonakin nesa kuma ba mai zuwa saboda halin rashin tsaro da ake ciki. A 'ya'yan Kawu babu wanda ya koyi riƙe gula, sandar nan da ake buga ganga da ita.

Kwana biyu da zuwansa Inna ta kira ni. Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari.

"Kai wanga," ta ce, "tun da injin ɗaukan murya gare ka, ka ɗaukam mini kiɗin Yaya. Taken Baba nika so. Ni kaina ban san rabona da jin shi ba. Babu mai shi sai Yaya, kuma ka ga hannun nan."

Sai da na sake duban ta. Inna matar malami ce, tun rasuwar babanmu ma ba ta sauya ba. Shagona "wurin hayaniyakka" take ce masa, ba ta taɓa taka ƙofarsa ba, ba ta kuma taɓa neman komai daga sana'ata ba. Ranar nan ta nema. Wallahi kaina ya kumbura, na ce mata ta sa a ranta an gama.

Washegari da hantsi na kawo Kawu situdiyo. Ya ƙi kujera, ya ce a shimfiɗa masa tabarma. Ya rataya ganga, ya ɗauki gula, gular tana ta karkarwa a hannunsa har na fara jin tsoro. Amma tana taɓa fata sai ta natsu. Ya yi ta jero taken manoman garinsu, yana faɗin mai kowanne, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Daga ƙarshe ya gyara zama, ya ce, "Ga na Baba." Kakana ke nan, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba.

Yana kaɗawa ina kallon kwamfuta. Ka ji matsalarmu ke nan, da ido muke sauraro. Na ga bugu uku sun faɗa daidai kan layi, na huɗu ya makara. Aka sake zagayowa, uku daidai, na huɗu ya makara. Haka har ƙarshe. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, Allah sarki, hannun ya gaji, an bar na ubansu a ƙarshe ga shi ƙarfi ya ƙare. Na ƙudurta zan rufa masa asiri, in gyara abin yadda Inna ba za ta taɓa sanin hannun yayanta ya gaza a kan taken ubansu ba.

Da ya ajiye gula ya ce, "To kunna in ji."

Na ce, "Kawu, bari in gyara tukuna, ɗanye ne."

"Mi za ka gyara?"

"'Yan tsince-tsince ne kawai."

Ya dube ni, ya ce, "To." Mu masu situdiyo muna da wannan girman kan, ba ma bari a ji aiki ɗanye, wai kar a raina mu. Da na kunna masa a ranar, da minti biyu sun ishe shi ya faɗa mini abin da ban sani ba. Ban kunna ba. Ai yana gidanmu, akwai sauran kwana shida, gaggawar me ake?

Da na zauna zan fara gyara, tsohon maus ya ga ranar nuna hali ta zo. Na kama bugu ya sake, na kama ya sake, na danna ya buɗe mini abin da ban tambaye shi ba. A karo na ban san nawa ba na fizge shi na maka da bango. Na yi rantsuwa ba zan sake taɓa kiɗan Kawu ba sai na samo maus na mutunci. A lokacin gani nake girmama aikin nake yi.

Maƙwabcin shagona mai zanen katin biki ne da allunan shaguna, mutum mai sanyin hali har ya ba ka haushi. Ya ji ƙarar jifa ya leƙo. Da na faɗa masa, ya koma ya ɗauko abin da shi yake aiki da shi: wani baƙin faranti shafaffe da ɗan alƙalamin roba, duk inda ka ɗora bakin alƙalamin a kan farantin, nan kibiyar kwamfuta za ta je. Allo da alƙalami suke ce masa. Ya ce in gwada, hannu ba ya ciwo da shi.

Na kwashe da dariya. Na ce, "Haba malam! Na gudo daga allo da alƙalami a zauren babana, in zo in tarar da su a situdiyo? Ni sauri nake nema, ba satar fatiha ba." Ya naɗe kayansa ya koma.

Na fara da maras waya, wanda na samo a kasuwar Gummi. Kyakkyawa, fari, ba igiyar da za ta harɗe maka kofin shayi. Ashe ɗan banzan barci yake. Ka ɗauke hannu ka saurari baiti ɗaya, kafin ka dawo ya yi nisa, sai ka girgiza shi ka jira ya farka. Ranar da batirinsa ya fara sanyi kuwa, kibiyar rawa take yi kamar mai jin zazzaɓi. Kwana biyu na yi da shi na jefa a durowa.

Sai wani abokin sana'a ya ce ai manya ba sa tura maus a kan tebur, mai ƙwallo suke amfani da shi: yana zaune wuri ɗaya, babban yatsa ne kawai ke murza wata 'yar ƙwallo a gefensa. Ya ce zai aiko mini da nasa daga Gusau ta hannun direba. Direban nan ya shanya ni kwana uku, kullum "gobe in sha Allahu." Da abin ya iso, rabin yini na yi ina koyon murza shi, kibiya tana tafiya gabas ina nufin arewa. Na fara sabawa ke nan gumi da man ƙuli-ƙulin da nake ci a bakin aiki suka shiga ƙarƙashin ƙwallon, ta cije. Wuyan hannu ya ɗan huta, babban yatsa ya karɓi ciwon. Mts.

Kullum na koma gida Kawu yana zaune a zaure, sai ya ce, "An gyara?" In ce, "Saura kaɗan, Kawu." Saura kaɗan ɗin ƙaniya, ko buɗe shi ban sake yi ba. Kwana tara suka cika, ya rataya gangarsa ya bi motar 'yan kasuwa. Da zai shiga ya ce, "In ka ƙare ka aiko mini ga waya in ji." Na ce masa cikin satin nan.

Daga nan aka ba ni labarin wani shago a Anka, inda masu haƙar zinare ke zuwa sayen manyan wayoyi da lasifika in rami ya yi musu kyau. Aka ce babu abin da babu. Na shiga mota, kowa ya san yadda hanyar nan take, bakinka bai rabuwa da addu'a sai ka sauka. Ka duba fa, na sa raina a hanya saboda maus!

Mai shagon bakinsa kamar an shafa masa zuma. Yana jin ni mai kiɗa ne ya buɗe wani kwali a hankali. Wani ƙaton maus ne baƙi, jikinsa yana wuta, ja ta koma shuɗiya ta koma kore, ga maɓallai goma sha biyu a jere a gefe, daidai inda babban yatsa ke kwanciya. Ya ce asalinsa na masu wasan kwamfuta ne, amma kowane maɓalli kana iya koya masa aiki ɗaya. Abin da kake yi da dannawa biyar, ya zama taɓawa ɗaya.

"Oga," ya ce, "da wannan kafin mai biki ya gama shan ruwa ka gama masa waƙa."

Ai ban bari ya ƙara ba. Na rungumo shi a cinya har Gummi.

Kwana biyu na ɓata ina koya wa maɓallan aiki. Na ɗaya yanka, na biyu manna, na uku ƙara murya, haka dai. Na bakwai na ba shi aikin miƙewa: ka taɓa shi, duk bugun da ya kauce ya koma kan layi cak. Na takwas ya haɗe guntayen su zama abu guda. Na tara kuma shara, ya goge ɗanyen da aka gama da shi, don kwamfutata kullum kuka take cikinta ya cika. Gaskiya kuma a faɗe ta, abin ya yi sauri. Waƙoƙin biki uku da suka taru mini na share su a yini ɗaya. Kiɗan biki dama miƙaƙƙe ake so, don 'yan mata su samu wurin ajiye ƙafa. Kafin sati ya zagayo babban yatsana ya haddace bakwai, takwas, tara, yana bin su kamar jan carbi, ba sai ya shawarce ni ba.

Sai a lokacin na buɗe kiɗan Kawu, sati uku cif bayan an ɗauka. Na tsallake sauran na tafi kan taken kakana, tunda shi Inna ke jira. Ga bugu na huɗun nan yana ta makara daga farko har ƙarshe. Na ce yau zan yi maganinka. Na taɓa bakwai, suka jeru tsaf a kan layi. Niyyata in tsaya nan in saurara. Yatsa ya riga ya wuce takwas ya wuce tara. Kwamfuta ma ta tambaye ni ko na tabbata, na danna mata e ban karanta ba, kamar yadda na saba. Ko a jikina. Me zan yi da ɗanye bayan ga gyararre? Na kunna, kiɗa ya fito tsaf kamar na inji, na jinjina wa kaina da maus ɗina.

Bayan la'asar na kai wa Inna. Tana zaune a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na kunna mata a waya, na ƙura mata ido ina jiran hawaye. Ta saurara, hannunta bai daina tsintar wake ba. Da ya ƙare ta ce, "To kunna na Baba."

"Shi ne wannan, Inna."

"Wanga ba Baba ba na."

"Wallahi shi ne. A gabana Kawu ya ce ga na Baba."

"Sake." Na sake. Wannan karon ta ajiye faifan. "Kalmomin nashi na. Amma ina ƙahwar?"

"Wace ƙafa kuma?"

Ta dube ni irin duban da take mini ina yaro in na zubar da tawada. Ta ce kurkunu ya ci gwiwar kakana ta hagu tun yana saurayi, ƙafar ba ta sake miƙewa ba. In yana huɗa, sara uku yake yi lafiya, a na huɗu sai ya jawo ƙafar nan kafin galma ta sauka. Makaɗi kuma jiran sa yake.

"Makaɗi ba shi wuce manomi," ta ce. "In yaw wuce shi ya kunyata shi gaban mutane. Ganga jira takai sai galma ta sauka, sannan ta sauka. Ko daga bayan gari anka ji jiran nan, an san Baba ya shiga gona. Shi na taken. Kai mi kay yi mashi?"

Na ce, "Na ɗauka hannun Kawu ne ya gaji. Ai ba wanda ya taɓa faɗa mini Kaka yana ɗingishi."

"Wa za shi zauna shi hwaɗa maka aibin ubanai? Ganga ta hwaɗa maka, kai na ba ka ji ba. Tahi ka kawo mini wanda Yaya yak kaɗa, ban son gyaranka."

Ban iya ce mata babu shi ba. Na tashi na nufi shago kusan da gudu. Na birkice kwamfutar nan ciki da waje, na duba kwandon shararta, na duba memori, na duba inda na san ba zai yiwu ya shiga ba. Wayam. Sauran taken suna nan ɗanyunsu tunda ban taɓa su ba, na kakana kaɗai na share, wanda shi kaɗai aka roƙe ni. Don haushi na kira mutumin Anka ina faɗa. Ya bari na gama, ya ce, "Oga, maus ba ya goge abu da kansa, sai abin da aka koya masa." Gaskiyarsa ce, ita ta ƙara tunzura ni, na kashe wayar.

Na ce to, abin mai sauƙi ne, in ɗauko Kawu ya sake. Na kira ƙauye, matarsa ta ɗauka. Ta ce ai sun so su aiko, ba su son tayar wa Inna da hankali ne. Kwana huɗu ke nan da ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun ba ya ɗaguwa, magana ma da ƙyar. Na zauna a kan tabarmar da ya zauna, maus ɗin nan yana ta sauya mini launi a kan tebur, ja, shuɗi, kore. Ban taɓa tsanar wani abu maras rai kamar yadda na tsane shi a lokacin ba, alhali na san ba shi ya yi ba.

Dole na faɗa wa Inna duka biyun. Na Kawu ta yi salati ta yi kuka. Nawa kuwa sai ta tashi ta shige ɗaki, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya rage shi ne in mayar da ɗingishin da hannu, in kama kowane bugu na huɗu in ja shi baya. Amma baya da nawa? Na gwada da ka. Maus ɗin saurin nan kuwa ba a yi shi don lallaɓawa ba, ka ɗan motsa shi kibiya ta tsallake gari. Na yi na kai wa Inna, ta ce, "Ya yi yawa, gurgu kam maishe shi." Na rage na koma, ta ce, "Wanga sauri shikai, wa aka kora?" Ta kuma ce jiran ba ɗaya ba ne, a farkon kunya kaɗan ne, in an yi nisa ƙafar ta gaji sai ya ƙaru. Na yi ta safa da marwa tsakanin gida da shago har masu shayin bakin hanya suka fara tambaya ko lafiya.

Rana ta uku da safe ina zaune na dafe kai, sai na ji sallama a ƙofa. Inna ce, da mayafinta, tana duban bangon da na lulluɓe da katifa kamar ta shigo gidan mahaukata. Ta ce, "Tashi mu yi abin nan, na gaji da aike."

Maƙwabcina ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta. Duk abin da ake ciki yana ji ta bango. Ya fita, ya dawo ya ajiye allo da alƙalaminsa a kan teburina, ya zare wayar maus mai wutar nan ya soka nasa, ya koma shagonsa. Da ya yi mini gori ma da na ji daɗi. Na ɗauki alƙalamin, hannuna ya kwanta yadda ya saba kwanciya a zauren babana, wuyan hannu a ƙasa, yatsu uku a riƙe. Na ɗora bakinsa a kan bugu na ja, ya matsa kamar faɗin gashi ya tsaya inda na ce. Haushin kaina ya sake kama ni, abin nan yana bayan bangona tun ranar farko.

Inna ta cire takalmi. Ta ɗauki tsintsiyar shago ta riƙe kamar galma, ta duƙa. Na kunna kiɗa a hankali. Ta sara ɗaya, biyu, uku, sannan ta jawo ƙafar hagu a kan siminti, ta sauke tsintsiya. Tsohuwa, matar malami, wadda ban taɓa ganin ta ko gyaɗa kai ga kiɗa ba, ga ta tana huɗar ƙasan situdiyona daga bango zuwa bango. Ni kuma ina bin ta da alƙalami, duk inda tsintsiya ta sauka nan nake ajiye bugu. Wannan karon ba kwamfuta nake kallo ba, ƙafarta nake kallo.

Kwana uku muka yi, daga hantsi zuwa azahar. Masu biki suka zo suka yi ta huci a ƙofa, na ce su je su kai ni ƙara. Inna ba ta raga mini ba ko kaɗan. "Ka wuce ni." "Koma." "Kai wai kunnuwan nan na ado na?" In bayanta ya gaji ta zauna ta sha ruwa ta sake tashi. A rana ta uku muka kai ƙarshe, na kunna daga farko. Ta tsaya a tsakar ɗaki da tsintsiya a hannu har ya ƙare, sannan ta zauna a tabarma ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, "Bar shi hakanan." Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Ranar kasuwa muka shiga mota ni da ita muka tafi duba Kawu. Mun same shi kwance a inuwar zaure, an jingina shi da matashi, hannun daman yana kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Gangar tana rataye a bango. Bayan gaisuwa da addu'a na faɗa masa duk abin da na yi, ban rage komai ba. Bai yi faɗa ba, ya nuna wayar da haɓa.

Na kunna. Ya lumshe ido, yatsun hagunsa suka fara bugun tabarma. Uku na farko tare suke sauka da namu. A na huɗu sai na ga yatsansa da kiɗana ba su haɗu ba. Kaɗan ne, amma yanzu na iya gani. Ya sa na sake kunnawa. Da ya ƙare ya daɗe yana tattaro magana, harshen ya yi masa nauyi.

"Ya yi kusa," ya ce. "Amma wagga ba tahiyab Baba ba ta. Baba da hushi shika jan ƙahwar, hizga shikai. Wagga lallaɓawa takai." Ya juya ido wajen Inna, gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. "Tahiyat innakka ta. Haka taka bin shi baya da ƙwaryar hura tana 'yar ƙarama, tana jan ƙahwa don kar ta wuce shi."

Na ce, "To Kawu, buga mini da hagun, in ɗauka a waya in je in gyara."

Ya gwada. Ya gwada har sau huɗu, gumi ya keto masa, yatsan bai sauka wuri ɗaya sau biyu ba. Ba hannun gula ba ne. Ya kwantar da shi a kan tabarma ya girgiza kai.

"Bar wanga yadda shike, kar ka ƙara taɓa shi," ya ce. "Ita dai ba ta da take. Ta samu."

Inna ba ta dube shi ba, ni ta duba. Ba da faɗa ta yi maganar ba.

"Ni ba nawa nir roƙa ba."

Haka muka koma Gummi. Taken yana cikin wayarta har yau, ni na sa mata da hannuna. Ban taɓa jin ta kunna shi ba, ni kuma ban taɓa tambayar ta ba.